Waɗanda Ba Su Da Jirgin Da Zai Ɗauke Su

Na yi wata huɗu ina haya a gidan Alhaji a Gadarif kafin ya san cewa ni Kirista ne. Ban ɓoye masa ba, shi ne dai bai taɓa tambaya ba, domin a gabashin Sudan da zarar mutum ya yi Hausa an gama sanin addininsa. Hausawan wannan ƙasa jikokin mahajjata ne da masu hijira, mutanen da suka bi hanyar gabas a ƙafa da kan jaki da niyyar zuwa Makka, wasu suka isa suka juyo, wasu kuma guzuri ya yanke musu suka tsaya noman dawa da riɗi da auduga har zama ya kama su. Akwai waɗanda ke danganta kansu da ayarin Muhammadu Bello Mai Wurno, wanda ya yi gabas bayan da Turawa suka kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903, ya kafa garin da har yau ake kira da sunansa a bakin kogi kusa da Sinnar. Mutanen da kakanninsu suka bar gida don gudun mulkin Nasara ba za su taɓa kawo wa ransu cewa akwai Bahaushen da ke zuwa coci ba.

Ranar da ya sani, maganin ciwon gwiwa ya shigo nema a ɗakina, sai idonsa ya sauka a kan Littafi Mai Tsarki na Hausa da na bari a kan tabarma. Bai iya karatun boko ba, amma ya gane gicciyen da ke jikin bangon littafin. Ya zauna a bakin gadon igiya, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Ɗana, yaushe ka bar Musulunci?" Tambaya ce mai nauyi ƙwarai a lokacin, domin sashe na 126 na dokar hukunta laifuka ta 1991 ya tanadi kisa ga wanda ya yi ridda. Na ce masa, "Baba, ban taɓa shiga ba balle in fita. Kakana Bamaguje ne a ƙasar Katsina, mahaifina kuwa ya karɓi bishara ne a asibitin kutare na Babbar Ruga, inda 'yan mishan suka yi masa magani." Ya girgiza kai a hankali ya ce, "To, Allah ya shirye mu baki ɗaya. Amma kada ka ƙara barin littafin nan a fili, ba kowa ne zai tsaya ya ji tarihin kakanka ba." Bai kore ni ba, bai ƙara mini kuɗin haya ba, kuma da daddare aka aiko mini da tuwo daga cikin gida kamar yadda aka saba.

Ikkilisiyarmu ta gida ce ta turo ni a 2009, da takardar shaidar aikin jinya a hannuna, na kama aiki a wani ƙaramin ɗakin shan magani a gefen gari, inda zazzaɓin cizon sauro da cutar kala'azar suka fi kawo mana marasa lafiya. Na zo ina tsammanin a wurin Musulmi zan sha wahalar samun karɓuwa, sai ga shi 'yan'uwana Kirista ne suka fi jin tsorona. Majami'ar da na samu rumfa ce ta kara da kwano, masu sujada a cikinta kuwa 'yan Duwatsun Nuba ne da 'yan ƙabilar Uduk da 'yan kudu, yawancinsu leburorin gona, kuma da yamma suke taruwa domin Lahadi ranar aiki ce a Sudan. Da suka ga Bafallate, kamar yadda ake kiranmu a nan, ya shigo ya zauna a benci na baya, sai suka ɗauka jami'an tsaro ne suka turo ɗan leƙen asiri. Mako uku ina zuwa babu wanda ya miƙo mini hannu. A mako na huɗu wani dattijo siriri, wanda kowa ke kira Mubashshir, wato mai bishara, ya tsaya a gaban jama'a ya ce da ni da Larabci, "Idan kai ɗan'uwa ne, yi mana waƙa da harshenku." Na miƙe na fara wata waƙar sujada da muke yi tun muna yara. Kafin in kai baiti na biyu na ji yana bin muryar a maƙogwaro, daga nan ya ɗauka da harshen Uduk, tsofaffin da ke wurin suka amsa masa, muka ƙarasa waƙa ɗaya da harshe biyu.

Dalilin da ya sa muka san murya ɗaya shi ne rijiya ɗaya muka sha. Ƙungiyar mishan ta SIM, wato Sudan Interior Mission, wadda ta haifi cocin ECWA a Najeriya, ta fara ne a 1893 da samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, kuma Sudan ɗin da ke cikin sunanta ƙasarmu ce ake nufi, wato faɗin ƙasar baƙar fata da ke kudu da Sahara. Biyu daga cikinsu sun mutu a shekarar da ta biyo baya, Gowans a Girku, Kent a Bida. Sai a 1937, da Italiya ta kore su daga Habasha, 'yan wannan ƙungiya suka shigo Sudan ta kogin Nilu, suka kafa tashoshi a Doro da Chali a tsakanin ƙabilun Maban da Uduk. A watan Agusta na 1940 jiragen yaƙin Italiya suka jefa bam a Doro, suka kashe likitan mishan Robert Grieve da matarsa. Haka ita ma ƙungiyar SUM ta Karl Kumm, wato Sudan United Mission, wadda ta fara a Wase a 1904 ta haifi cocin COCIN, reshenta na Ostireliya da New Zealand ya isa Heiban a Duwatsun Nuba a 1920. A can da nan Turawan mulki tsari ɗaya suka bi: yadda aka hana 'yan mishan wa'azi a ƙasashen sarakunan Arewa, haka aka hana su a arewacin Sudan, aka tura su kudu da duwatsu. Ba zan ce hannunsu ya fita tas daga abin da ya biyo baya ba, domin rarraba ƙasa da aka yi, wannan yanki na wannan mishan, wancan na waccan, arewa daban kudu daban, yana cikin abubuwan da suka zurfafa ramin da ƙasar ta faɗa daga baya. Amma dai su ne suka kawo makaranta da magani inda gwamnati ba ta damu ta kai ba, kuma wasunsu a nan aka binne su.

Baba Mubashshir yana da kimanin shekara goma sha biyu a Chali lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Abbud ta kori 'yan mishan baƙi a ƙarshen Fabrairu na 1964, mutum wajen 300, mafi yawansu 'yan Katolika. An riga an karɓe makarantun mishan na kudu tun 1957, an kuma kafa dokar 1962 da ta ɗaure hannun ƙungiyoyin bishara, wannan kora ita ce ta ƙarasa. Ya sha ba ni labarin ranar, kuma kullum a wuri ɗaya muryarsa take sauka: yadda suka tsaya a bakin hanya suna kallon ƙurar mota har ta ɓace, tsofaffi suna cewa shi ke nan, addinin Turawa ya bi Turawa. Abin da aka bar musu shi ne Sabon Alkawari da harshen Uduk, wanda aka gama bugawa a 1963, da 'yan mutane kaɗan da suka iya karanta shi. Ya ce mini, "Likita, da suna nan mu 'yan kallo ne. Da suka tafi sai muka duba hagu da dama, muka ga babu wanda zai yi addu'a a kan gawa sai mu." A shekarun da suka biyo baya ne mutanensa suka riƙa karɓar baftisma ƙauye bayan ƙauye, fiye da duk abin da aka gani a zamanin masu mota. Wannan labari shi ne ya gyara mini fahimtar aikin da aka turo ni yi, domin na gane cewa bishara a ƙasar da ba ta rabuwa da tashin hankali tana rataye ne a wuyan mutanen da babu jirgin da zai zo ya ɗauke su idan abu ya ɓaci.

Shi kansa abu ya ɓace masa ba sau ɗaya ba. A 1987, da yaƙin da ya fara a 1983 ya iso yankin Kurmuk, aka ƙone ƙauyukansu da majami'unsu, suka tsallaka Habasha a ƙafa, suka yi shekaru daga wannan sansani zuwa wancan. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 jama'arsa suka koma gida suka sake gini, sai yaƙi ya sake ɓarkewa a jihar Shuɗin Nilu a watan Satumba na 2011, wata biyu kacal bayan Sudan ta Kudu ta ɓalle, suka sake gudu. A wannan karon da yawansu, har da 'yarsa ta fari, a Doro suka sauka, wurin da aka kashe likitan nan, wanda ya zama sansanin 'yan gudun hijira. Shi kuwa ya riga ya zo Gadarif yana bin leburorin yankan riɗi daga gona zuwa gona, yana yanka tare da su da rana, da dare ya karanta musu Littafi a hasken fitilar hannu. A gonakin nan ne ya tsinci Hausar da yake gaishe ni da ita.

Shekarun da suka biyo bayan ɓallewar kudu sun yi mana tsanani. An kori baƙi masu aikin coci da yawa, gwamnati ta sanar a 2013 cewa ba za ta ƙara ba da lasisin gina majami'a ba, aka kuma rushe wasu a Kartum da kewayenta da sunan rikicin fili. A watan Mayu na 2014 aka yanke wa Maryam Yahaya Ibrahim, wadda ta tashi a nan yankin Gadarif, hukuncin kisa kan ridda, ta haihu a kurkukun mata na Umdurman, sai a watan Yuni kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. A cikin waɗannan makonni ne wasu mutum biyu suka same ni a wurin aiki, suka tafi da ni wani ɗaki suka yi ta maimaita tambaya ɗaya har la'asar: sunan mahaifina, da sunan kakana, da ranar da na canza addini. Alhaji ne ya zo da sandarsa da gwiwarsa mai ciwo ya tsaya mini, ya shaida musu cewa ya san ni shekara biyar, Kirista ya same ni, kuma bai taɓa jin na zagi addinin kowa ba. Da muna komawa gida a cikin keke mai ƙafa uku na yi masa godiya, sai ya ce, "Malam, maƙwabci yana da hakki ko da ba ya sallah. Ni abin da aka koya mini ke nan."

Da aka tumɓuke Umar al-Bashir a watan Afrilu na 2019 mun ɗan sha iska. A Disambar shekarar aka mayar da Kirsimeti ranar hutu, matasa suka fita kan titi da ganguna suna waƙa, a watan Yuli na 2020 kuma aka soke dokar ridda. Na ga Baba Mubashshir yana hawaye ranar, ya ce bai yi zaton zai ga haka da idonsa ba. Juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021 ya dagula wannan fata, kuma kafin mu farfaɗo sai masifa ta faɗa wa Hausawa. A watan Yuli na 2022 rikici kan fili da sarauta ya tashi tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun Shuɗin Nilu, a Rusairis da Damazin da ƙauyukan da ke kewaye, aka kashe fiye da mutum 100, a watan Oktoba kuma aka sake kashe wasu masu yawa a Wad al-Mahi. Dangin Alhaji mutum goma sha tara suka iso gidanmu da kayan jikinsu kawai, kuma cikin waɗanda ba su iso ba akwai ɗan ƙanensa. Gari ya ɗauki zafi, matasa suna zanga-zanga, ana kallon duk ɗan wancan yanki da jan ido. A rana ta uku sai ga Baba Mubashshir a ƙofar gida, shi da ya fito daga jihar da aka yi ɓarnar, yana janye da kurar jaki ɗauke da buhun dawa da 'yan majami'a suka tara kwano-kwano. Na ji tsoro ƙwarai don na san zukata a tafashe suke. Ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban tabarmar makoki, ya ce da Hausarsa mai rauni, "Alhaji, sannu da haƙuri. Ni ma an ƙone gidana, na san warin." Alhaji ya kama hannunsa ya zaunar da shi kusa da shi, ya sa aka kawo masa shayi.

Yaƙin da ake ciki yanzu ya ɓarke ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF, waɗanda mutane a nan ke kira Da'am. Cikin mako biyu ofisoshin jakadanci suka kwashe mutanensu, Najeriya ma ta fara fitar da ɗalibai a motoci, wasu ta iyakar Masar, wasu ta Fot Sudan. Wayata ba ta huta ba. Yayana ya ce mahaifiyarmu ba ta barci, shugabannin ikkilisiya suka ce sun ba ni izini in dawo, kuma hanya a buɗe take, domin daga Gadarif zuwa Gallabat a kan iyakar Habasha kimanin kilomita 150 ne kawai. Alhaji ma cewa ya yi, "Baƙo raɓa ne, ɗana. Idan ka tafi babu mai ganin laifinka." Na kwana uku ina juya ayoyi biyu a zuciyata, wadda Ubangiji ya ce wa almajiransa idan an tsananta musu a wannan gari su gudu zuwa wancan, da wadda ya kwatanta makiyayi na gari da ɗan ƙodagon da ke barin tumaki ya tsere idan ya hango kyarkeci. Na kai wa Baba Mubashshir su biyun, na ce ya gaya mini wadda zan bi. Ya ce, "Likita, duka biyun maganar Ubangiji ce, kuma ni duka na bi su. A 1987 na gudu domin tumakin ma gudu suke yi, makiyayi kuwa ba ya tsayawa gadin turken da babu dabba. Yanzu tumakin nan suke tahowa. Ka duba inda suke, sai ka san wace aya ce taka."

Na raka matata da 'ya'yanmu uku har Gallabat, na tsaya ina kallonsu suna tsallaka gada zuwa Metema, sannan na hau motar da ta kawo mu na dawo. Ba na ganin laifin ko mutum ɗaya da ya tafi, kuma ina roƙon masu karanta wannan kada su ɗauki zamana a matsayin jarumtaka, domin har yau fasfo ɗina yana cikin aljihuna kuma na san hanyar Gallabat. Waɗanda nake sujada tare da su ba su da ko ɗaya daga cikin biyun.

Tumakin kuwa sun taho. A watan Disamba na 2023 Wad Madani ta faɗa hannun RSF, garin da ya riga ya cika da waɗanda suka gudo daga Kartum, sai jama'a suka kwararo gabas. A ƙarshen Yuni na 2024 Sinja ta faɗi ana cikin damina, mutane suka ratso ta Dindir cikin laka da ruwan sama, kwana huɗu, kwana biyar a ƙafa, kuma a wannan karon Hausawa suna da yawa a cikinsu. Makarantu suka cika, tashar mota ta cika, harabar masallatai ta cika, rumfar majami'armu ma muka fitar da bencina muka shimfiɗa tabarmi. Matasan unguwa suka kafa takiyya, wato tukunyar jama'a da ake dafa wa kowa kyauta, kuma da aka rasa wurin da ya fi dacewa sai aka kafa murhu a filin da ke tsakanin gidan Alhaji da majami'a. Matan zumunta suna tankaɗe da wanke-wanke, matan Hausawa suna tuƙa tuwo da dafa adas, wani irin ƙaramin wake, kuɗin kuwa 'yan'uwa na waje ne ke turowa ta manhajar Bankak. Da aka katse intanet a watan Fabrairu na 2024 tukunyar ta yi kwanaki a kife, har sai da wani ɗan kasuwa ya ba mu dawa bashi.

A wannan lokaci ne na samu saƙo daga wani kwamiti a gida, suna neman rahoton rabin shekara, da layin da zan rubuta adadin waɗanda suka karɓi bishara ta dalilin rabon abinci. Na san da kyakkyawar niyya suka tambaya, domin su ma masu ba da gudummawa suna tambayarsu, amma raina ya ɓaci. Mun riga mun yanke shawara a majami'a cewa ba za a yi wa'azi a kan layin abinci ba, kuma Baba Mubashshir ne ya fi kowa tsayawa a kan haka. Mutumin da ya kwana biyu bai ci ba zai amsa duk abin da mai ludayi ya ce, kuma amsar da yunwa ta ciro daga bakin mutum ba bangaskiya ba ce, cin zarafinsa ne. Ban daina gaskata cewa Yesu Almasihu shi ne Mai Ceto ba, kuma duk wanda ya tambaye ni dalilin zamana ina gaya masa ba tare da kwana-kwana ba. Wasu sun tambaya, mun zauna mun yi magana mai tsawo, yawancinsu sun tashi da addininsu kamar yadda suka zo, muka ci gaba da gaisawa. A layin rahoton na rubuta adadin tukwanen da muke ɗorawa kowace rana.

Haka kuma nake jin nauyi idan na ga ana ba da labarin wannan yaƙi a waje kamar Musulmi ne suka tasar wa Kirista. Gaskiya ne majami'u sun sha wuta. An kai hari cocin Kibɗawa na Mar Girgis a Umdurman a watan Mayu na 2023, an mamaye babban cocin Angilika na Kartum har Babban Bishop Ezekiel Kondo ya koma Fot Sudan. A gidan Dar Maryam da ke unguwar Shajara, 'yan sista na Salesiya da wani fada sun zauna da mata da yara masu yawa fiye da shekara guda a tsakiyar fagen daga, bam ya faɗa wa gidan a watan Nuwamba na 2023, ba su fita ba sai a watan Agusta na 2024. An tare Bishop Yunan Tombe Trille a hanya a ƙarshen 2024 aka yi masa mugun duka, ya koma Al-Ubayyid ya ci gaba da aikinsa. Fada Luka Jomo ya zauna da jama'arsa a Al-Fashir cikin ƙawanya har harsashi ya kashe shi a watan Yuni na 2025. A Gidel ta Duwatsun Nuba likitan nan ɗan Amurka, Tom Catena, yana nan tun 2008, kuma da aka kwashe baƙi a 2011 ya ƙi tafiya. Amma a Al-Fashir ɗin nan ne jirgi marar matuƙi ya kashe fiye da mutum 70 a masallaci suna sallar asuba a watan Satumba na 2025, kuma cikin mutum fiye da miliyan 12 da yaƙin ya raba da gidajensu mafi yawa Musulmi ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu da muke ciki mun san harsashin bai tambayi kowa addininsa ba.

Kwalara ta shigo a watan Agusta na 2024. Gadarif dama gari ne mai ƙarancin ruwa, a ganga kan kurar jaki ake sayar da shi, ga kuma jama'a sun ninka, masai sun cika, ruwan sama yana kwashe ƙazanta zuwa inda ake ɗiba. Aka ba mu aji biyu a wata makaranta, muka huda tsakiyar gadajen igiya muka sa bokiti a ƙarƙashi. Ruwan ƙarin jiki bai isa ba, don haka sai wanda ya kasa haɗiya muke sa wa, sauran kuwa ruwan gishiri da sukari muke haɗa musu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri, ana ba su kurɓi-kurɓi dare da rana. Wani dare aka kawo wata yarinya Bahaushiya 'yar kimanin shekara shida daga cikin mutanen Sinja, idanunta sun faɗa, fatar cikinta idan an ja ba ta komawa. Na nemi jijiya a hannu da ƙafa da kai, duk sun kwanta. Baba Mubashshir yana riƙe da fitila, uwar tana ɗiga mata ruwa a baki da cokali tana kiran sunayen Allah, ni kuma ina addu'a a zuciyata ina cewa, ya Ubangiji, jijiya ɗaya kawai. Kafin kiran assalatu ta cika. Uwar ce ta juyo tana ba ni haƙuri, ta ce, "Likita, ka yi iya ƙoƙarinka, kwananta ne ya ƙare."

Na yi makonni ban iya addu'a ba. Ina zuwa aiki, ina zuwa sujada, ina motsa baki idan ana waƙa, amma da zarar na durƙusa sai in ga fuskar yarinyar, in ji kamar da bango nake magana. Na gaya wa Baba Mubashshir ina jin kunya, domin ni ne aka turo daga nesa in ƙarfafa wasu. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma ce komai zai yi daidai ba. Ya ce in buɗe Zabura ta 88 in karanta masa da Hausa, ko da ba zai gane duka ba. Da na kai ƙarshe ya ce, "Ka ga wannan ba ta ƙare da murna ba, da duhu ta ƙare, amma ba a cire ta daga Littafin ba. Mun yi shekara guda a Habasha ita kaɗai nake iya karantawa. Idan ita ce kake da ita, ita za ka kai masa." Da ita na riƙa tashi kowace safiya har zuwa Kirsimeti, kuma a hankali wasu kalmomin suka fara dawo mini.

Baba Mubashshir ya kwanta ciwo a watan Fabrairu na 2025, makonni kaɗan bayan sojoji sun karɓe Wad Madani, mutane sun fara ɗaure kaya suna shirin komawa. Zazzaɓi ne ya fara, daga baya ƙodarsa ta ƙi aiki, kuma abin da yake bukata ya fi ƙarfin ɗakin shan maganinmu. Ya rasu da hantsi ranar Alhamis a cikin rumfar majami'a, inda ya roƙa a kwantar da shi. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, da rani takan bushe ta yi tauri kamar dutse, mazan majami'a kuwa yawancinsu suna gonaki masu nisa. Ina tsaye ina tunanin yadda za mu yi, sai ga samari bakwai daga gidan Alhaji da diga da shebur a kafaɗa, cikinsu har da biyu daga waɗanda suka gudo daga Rusairis. Su suka haƙa kabarin tun azahar har rana ta yi sanyi, sannan suka koma gefe suka tsaya muka yi namu addu'o'in. Alhaji yana zaune a kan kujera a inuwar wata ƙaya, sandarsa a tsakanin gwiwoyinsa, bai tashi ba sai da aka gama mayar da ƙasa.

A cikin jakar buhun da yake rataya muka samu riga biyu, da fitilar hannu, da Sabon Alkawarin nan na Uduk, bangonsa ya daɗe da cirewa an ɗinke shi da fatar akuya, gefen shafukan ya yi baƙi saboda hannu. Dattawan majami'a suka ce in ajiye shi har a samu mai kai wa 'yarsa a Doro. Ba na iya karanta ko layi ɗaya a ciki, sai dai lambobin surori. Yana nan a akwatina tare da nawa na Hausa, kuma duk direban da na ji zai yi Damazin sai na tambaye shi ko ya san wanda ke wucewa kudu da Kurmuk. Zuwa yanzu mutum biyu sun ce in jira hanya ta ƙara lafawa.